Mijin Yaya Ya Ce Kwanta

Ranar da muka sallaci Mijin Yaya, 'yan keke napep sun fi malaman jami'a yawa a ƙofar gida. Ban ƙirga ba, ido ne ya gani. Sun jera kekunansu a bakin hanya kamar ranar yajin aiki, har akwai wanda ya zo da fasinja a ciki. Fasinjan ya gaji da jira, ya sauko ya yi alwala ya shiga sahu. Sai da aka sallame ya tambayi na kusa da shi, "Wai wa ya rasu?" Aka ce masa Bature. Ya ce, "Wane Bature?" Aka ce na nan Ketaren Gwari, mai igiya. Ya ce, "Ayya, ashe shi ne. Allah ya jiƙansa."

Wajen zaman makoki kuma kowa da abin da ya zo da shi a baki. Limamin unguwarmu ya ce bai taɓa ganinsa a sahun farko ba, bai kuma taɓa dubawa a na ƙarshe ya rasa shi ba. Alhajin da muke katanga ɗaya da shi, mutumin Bida, ya ce, "Mutumin kirki ne, ko da yake har ya bar duniya ban gane sana'arsa ba." Wata tsohuwa Bagwariya da ke sayar masa da doya ta shigo da kaya a kafaɗa, ta sauke a tsakar gida, ta zauna a ƙasa ta yi kukanta, ta tashi ta tafi. Sista mai yi masa allura, 'yar Kudancin Kaduna, ta tsaya a bakin ɗakinsa ta kasa shiga ta kasa juyawa. Mutanen jami'a suka zo cikin kwat, babbansu ya ce duniyar ilimi ta yi babban rashi. Ni ban san duniyar ilimi ba. Abin da na sani, akwai wani benci a garejina a Tunga, gefensa na dama ya lotsa, yanzu babu mai zama a wurin.

Ni bakanike ne, keke napep nake gyarawa. Karatuna bai wuce firamare ba, ita ma da ƙyar. Mai neman rubutu mai ado ya yi haƙuri. Na ɗauki biro ne don na ga mutumin nan zai ɓace ta gefe biyu. A ƙasarsu sun san takardunsa, ba su san yadda ya ƙare ba. Mu nan mun san yadda yake cin doya da manja, ba mu san ko shi wane ne ba.

Mutumin Sifaniya ne, farfesan lissafi. Ya fara zuwa Minna tun ina yaro, jami'ar garin nan ta gayyato shi ya koyar na ɗan lokaci. Yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ce mai buga tafireta a sashensu. Rubutunsa cike yake da alamomin da babu su a jikin tafireta, sai ta bar gurbi ta zana su da hannu. Ya ce bai taɓa ganin mai zana abin da ba ta sani ba da kyau haka. Daga nan dai aka fara. Ya musulunta, Babanmu ya ja rai har ya gaji ya yarda, aka ɗaura aure suka tafi. Sun daɗe a can. Allah bai ba su haihuwa ba. Da ya yi ritaya ta ce ita fa ta gaji da sanyi da burodi, ya ce to mu je. Suka gina gida a Ketaren Gwari. Ita ta riga shi barin duniya, shi ya zauna. Ni da iyalina muka tare a gidan don kada a bar tsoho shi kaɗai.

Bayan sadakar bakwai wata baƙuwa ta sauka daga Sifaniya. Dattijuwa ce mai farin gashi, ɗalibarsa ta farko, yanzu ita ma farfesa ce. Wani malamin jami'a ya rako ta yana mana tafinta, ita da Turanci, ni da Hausa. Muka zauna a gindin mangwaron ƙofar gida ta fara jero mini abubuwa. Wai ya zama farfesa a shekarun da sa'o'insa ke yawon neman aiki. Wai akwai wata ƙa'ida a lissafi da ake kira da sunansa, duk ɗalibin da ya yi nisa a fannin sai ya ci karo da ita, ko a wace ƙasa yake. Wai yana cikin majalisar manyan masana ta ƙasarsu, wadda ba a shiga sai wani ya mutu kujera ta samu. Sarkinsu da hannunsa ya rataya masa lambar girma. Jami'o'in waje sun yi ta ba shi digirin girmamawa har ita ma ba ta riƙe yawansu ba. Yanzu kuma za a sa wa wani babban ɗakin karatu sunansa.

Ni dai "Allah Sarki" nake ta cewa, don ban san abin da ake faɗa a irin wannan wuri ba. Ba ɓoye mana ya yi ba. Ya taɓa ɗauko zancen ƙa'idar nan tasa zai bayyana mini, na yi hamma, ya bari. Mutumin da nake yanke wa farce ake wa wannan kirari.

Sai ta tambayi yadda ƙarshensa ya kasance. Na gaya mata gaskiya. Ciwon mantuwa ne ya kama shi. Turanci ya fara tafiya, Hausa ta bi baya kalma-kalma, har ya koma yarensu, wanda tun rasuwar Yaya babu mai jinsa a gidan. Na ce amma kalmar Hausa ɗaya ta tsaya masa har ƙarshe. Kwanta. Zai kama hannun mutum ya ce kwanta, kwanta. Mu kuwa mu kai shi ɗaki mu kwantar da shi mu ja masa ƙofa.

Ba ta jira tafinta ya gama ba. Ta ce in faɗa yadda shi yake faɗa. Na kwaikwaya mata, "Kwenta, kwenta," don haka take fita a bakinsa, mu mun ɗauka karkatar harshen Bature ce. Matar nan ta sa hannu ta toshe baki. Malamin ya tambaye ta, ta amsa masa a hankali, shi ma ya sunkuyar da kai yana juya makullin mota.

Na ce, "Malam, me ta ce?"

Ya ce, "Bari kawai, Oga."

Na ce, "Babu bari. A ƙofar gidana ake. Fassara."

Ya ce, "Ta ce ba Hausa ba ce, yarensu ne. Ma'anarta, ba ni labari. Kuma ita ce kalmar ƙirga a wurinsu, ƙirga da ba da labari kalma ɗaya ce. Wai haka yake ce musu in sun shiga ofishinsa, tun kafin su zauna. Kwenta, kwenta. Me ake ciki, gaya mini."

 Na ce masa, "Maganar nan ta tsaya a gindin mangwaron nan. Kada ta shiga cikin gida."

Dalilina maiɗakina ce. Ita ta yi jinyarsa. Ita ke dama masa kunu, ita ke ba shi a baki, ita ke wanke zanen gado in ya ɓata. Ba ubanta ba ne, ba danginta ba ne. Tun da ya rasu abu ɗaya take riƙe da shi, duk wanda ya shigo gaisuwa sai ta faɗa masa: "Alhamdu lillahi, Baba bai taɓa neman abu na hana shi ba. Ya ce kwanta, na kwantar da shi." Da wannan maganar take samun barci. Ni kuma aka damƙa mini abin da zai ƙwace mata ita. Na haɗiye na yi ta yawo da shi, ina kwance injin mutane ina mayar da shi ba daidai ba.

Sai wanda ya san shi zai gane nauyin abin.

Hausarsa a bakin masu doya da 'yan kasuwa ya koye ta, don haka namiji "ke" ne a wurinsa, mace "kai". A Minna wa zai yi masa dariya, rabin garin haka suke yi. "Kanina" yake ce mini, ƙa ba ta taɓa fita a bakinsa ba. "Kanina, kin ci abinci?" Kalmar da ya fi so ita ce "tukuna". In ka tambaye shi ko ya gane abu, ba ya cewa a'a, sai ya ce, "Ban gane ba tukuna." Ya ce mini duk aikin da ya yi a rayuwarsa a cikin kalmar nan yake. Na ce to yaushe za a gane? Ya ce akwai abin da ya fara tunani a kai tun kafin a yaye ni, har yau tukuna. Na ce da ni ne da tuni na sayar da injin na sayi wani. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Fanninsa lissafin ƙulli ne. Ƙulli na igiya, yadda ka ji. Ni ma da farko na ɗauka zolaya ce. Wai akwai ƙullin da in ka bi shi a hankali zai warware, akwai wanda ba zai warware ba sai an yanke, shi kuma aikinsa ya san wanne ne wanne ba tare da ya taɓa ba. Aljihunsa ba ya rabuwa da igiya. Lokacin da hanya ke da lafiya yakan sa in kai shi kasuwar Kagara, ba don ya sayi komai ba. Zai tsuguna wajen masu awaki yana kallon yadda suke ɗauri. Dillalai su ce, "Bature, saye ko kallo?" Ya ce, "Kallo, ranki ya dade."

Igiyar nan ta jawo mana magana. Wata maƙwabciya ta leƙa ta taga, ta ga igiyoyi a ƙuƙƙulle rataye a bango, ga allo cike da zane-zane, ga Bature yana magana shi kaɗai. Kafin la'asar unguwa ta ɗauka cewa asiri ake ƙullawa a gidan Yaya. Wasu suka hana 'ya'yansu bi ta ƙofar. Wasu kuma, waɗanda suka fi ba ni haushi, suka fara zuwa a ɓoye. Wata ta zo wai a ƙulle mata bakin uwar mijinta. Ya ba ta kujera. Ya saurare ta tun daga ranar da aka kai ta gidan, yana gyaɗa kai yana cewa, "Sai me ya faru?" Da ta gama ya ce shi ba boka ba ne, amma don Allah ta dawo ta gaya masa yadda aka ƙare. Ta kuwa dinga dawowa. Yaya ta ce, "Wannan mutumin ba lissafi ya kawo shi Nijeriya ba, gulma ce."

Haka yake a gareji. Bayan azahar zai hau keke ya taho Tunga da malafarsa, ya zauna a benci, direbobi su kewaye shi. Wanda fasinja ta zage, wanda matarsa ta yi yaji, wanda ya yi mafarkin ya zama gwamna. Ba ya ba kowa shawara. Tambaya kawai. "Sai ta ce me?" Na taɓa ce masa, "Yallaɓai, ƙarya fa suke zuba maka, rabin abin nan bai faru ba." Ya ce, "Na sani, Kanina. Karyan ma akwai tsari."

Girmansa na boko sau ɗaya na gan shi da idona. Wani ya kawo mini keke gyara, ashe na sata ne, 'yan sanda suka zo suka tafi da ni. Aka ce sai babban mutum ya tsaya mini. Ina zaune a bayan kanta ba riga sai na ji wurin ya yi tsit. Na ɗaga kai, ga Mijin Yaya cikin wata baƙar alkyabba har ƙasa, da shuɗin mayafi a kafaɗa, da farar safar hannu, da sarƙa mai lamba a wuya. A kansa wata hula ce mai geza zagaye da ita kamar murfin fitila. Tsakiyar bazara ake, zufa na bin gemunsa. Kayan da ake sa musu ranar girmamawa ne, Yaya ta tono su daga ƙasan akwati suna warin ajiya. Ɗan sandan da ke kanta ya miƙe ya sara masa, bai san ko jakada ne ko bishop ba. Ya nuna ni ya ce, "Wannan kanina ne. Ita ba barawo ba ne." Kafin magariba aka sake ni. A hanya na ce, "Yallaɓai, wannan hula fa?" Ya ce, "Yau ta fara aiki."

Mun yi faɗa, faɗa na gaske. Bayan rasuwar Yaya danginsa suka matsa ya koma, jami'arsa ta ce akwai masauki akwai likitoci. Ni na ga hakan ne daidai, kuma ban iya kewaye-kewaye ba. Na ce, "Yallaɓai, wadda ta haɗa mu ta tafi. Ka koma gida cikin mutanenka." Ya tashi ya shiga ɗaki. Ya daina zuwa gareji. In na gaishe shi sai ya amsa wa bango. Da abin ya ishe ni na shiga na ce a yi ta ta ƙare. Ya ce, "Ni ba keke ba ne da za ki gyara ki mayar wa mai shi. Kabarinta yana nan. Liman yana nan. Ke ma kina nan, ko da yake ba ki da hankali." Na ce ni ma ban ce ina da shi ba. Ya ce, "To zauna. Me ya faru a gareji?" Faɗan ke nan. Har yau ban ce shi ke da gaskiya ba. Da ya koma, da ya cika a cikin masu jin abin da yake faɗa. Shi ya zaɓa, mu kuma muka yi iyakar abin da muka iya.

Ciwon a hankali ya shigo. Ya fara kiran maiɗakina da sunan Yaya. Zai tsaya gaban allo da alli a hannu har allin ya jiƙe bai rubuta komai ba. Direbobi suka yi ta zuwa dubiya. Su gaishe shi, ya kalle su yana murmushi yana zuba yarensu, su rasa inda za su sa kansu, su ce Allah ya sawwaƙe su fita. Daga baya suka koma tambayata a gareji. Ban ga laifinsu ba. Da yamma in na dawo zai cafke hannuna da ƙarfin da ban san ya rage masa ba. Kwenta, kwenta. In ce, "To Yallaɓai, mu je." Wani lokaci ya turje a bakin ƙofar ɗaki. Mu ce rigimar tsufa ce.

Niyyata in tafi da maganar nan kabarina. Abin da ya karya ni, wata Lahadi da hantsi ƙanwar maiɗakina ta zo gaisuwa daga Kagara, na ji maiɗakina ta sake faɗa mata maganarta, ya ce kwanta na kwantar da shi. Sai na ji kamar kullum ni ke mata ƙarya. Ga shi kuma malamin nan na jami'a yana da mata, matarsa kuma tana da baki. Gara ta ji daga wurina.

Da ƙanwar ta tafi na same ta a tsakar gida tana tsintar shinkafa a tire. Na ce, "Maman yara, ajiye wannan."

Ta ce, "In ajiye mu ci me? Faɗi, ai ba da kunne nake tsinta ba."

Na faɗa mata. Yadda aka gaya mini haka na gaya mata, ban ƙara ba ban rage ba.

Ta ci gaba da tsinta. Ina kallo tana ɗaukar shinkafa mai kyau tana yarwa, tana barin tsakuwa. 

Can ta ce, "Shi ya sa."

Na ce, "Shi ya sa me?"

Ta ce, "Ba ya rufe ido. Ai ka san ni, in ina gyara masa shimfiɗa bakina ba ya tsayawa. Baba, yau mai tumatir ta so ta cuce ni. Baba, 'yar gidan Liman ta kusa sauka. Baba, ƙaninka ya sake ɓata riga da baƙin mai. Idonsa ƙur a kan bakina, har leɓensa na motsi. Sai in ce wa kaina, ke wannan mata, kin hana bawan Allah barci da surutu." Ta ajiye tiren a ƙasa. "Sai in yi shiru, Baban yara. Ina tsakiyar magana sai in yanke. In zauna tsit har ya juya wa bango fuska. Ni a ganina tausayinsa nake ji."

Na ce ai ba ta sani ba. Ta ce ba ta tambaye ni ba.

Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta shiga ɗakinsa ta ja ƙofa, daga waje na ji ta. Kwana biyu ba ta sake ɗauko zancen ba. Masu gaisuwa in sun ce ya haƙuri, ta ce da godiya, shi ke nan, ba ta ƙara komai. Tana kwance ido buɗe in na tashi asuba. Ko na yi daidai ko ban yi ba, Allah ne masani.

Ranar Juma'a da safe ina shirin fita ziyarar maƙabarta ta tare ni a bakin ƙofa.

Ta ce, "Mu mata ba ma zuwa. Kai za ka je."

Na ce, "Can na nufa."

Ta ce, "Akwai wanda na fara masa ban ƙarasa ba, ranar da jikin ya tashi. Na akuyar Alhaji da ta ɓata. Na kai inda aka ce an gan ta a Tunga cikin keke, sai na yi shiru. Ka gaya masa ba sace ta aka yi ba. Ta dawo da ƙafarta, kuma da ciki. Alhaji da ya yi ta tsine wa ɓarayi a masallaci ya rasa inda zai sa fuskarsa."

Na ce, "Maman yara, a kan kabari?"

Ta ce, "In ba za ka iya ba ka faɗa."

Na je. Na yi masa sallama. Na roƙi Allah ya yafe masa, ya yalwata masa inda yake, ya sada shi da Yaya, ya sa ya tarar da masu jin yarensa. Sannan na waiga, babu kowa kusa sai wani mai haƙa can nesa. Na tsuguna ta wajen kansa. Ni ban iya ba da labari ba. Na fara daga tsakiya, na dawo farko, na manta launin akuyar, a wajen tsinuwar Alhaji na tsaya na share hanci. Amma ban yanke ba, sai da na kai masa shi ƙarshe.